Tsohon masallacin Juma'armu na ƙasa: a rushe ko a raya?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. A garinmu akwai tsohon masallacin Juma'a, ginin ƙasa, wanda kakana ya yi ladanci a cikinsa har ƙarfinsa ya ƙare. Shekara 6 ke nan da aka gina sabo na bulo da kwano a bakin titi, aka koma can da Juma'a. Da farko an ci gaba da salloli biyar a tsohon, amma dattawan da ke riƙe da sahun suka yi ta raguwa, ƙarshe aka sa masa kwaɗo, ya zama gidan jemagu. Daminar bara ruwa ya kwanta a kan soron, bangon arewa ya tsage tun daga zanko har kusan ƙasa, hannu yana shiga. Jiya kwamiti ya zauna, mafi yawa suka ce a kawo katafila a baje shi, a jera shaguna, kuɗin haya ya riƙa sayen man janareta da biyan limamin sabon masallaci. An ba da mako biyu kowa ya kawo ra'ayinsa. Raina bai kwanta ba, amma ba ni da abin da zan tsaya da shi gaban manya in ban da ƙaunar wurin.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ƙauna ba ta tallafe bango. Ka manta da Zariya? Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, jama'a na cikin sallar La'asar wani sashe na babban masallacin ya rufta, aka rasa rayuka. Mai Martaba Sarkin Zazzau da bakinsa ya ce an ga tsagar tun kafin ranar, ana shirin kawo injiniyoyi. Wannan masallacin da ke ƙofar fada ke nan, ido na kansa kullum. Ina ga naku da ba mai leƙawa? Yara suna wasa a gindinsa ko ba sa yi?

Baban Hanifa: Suna yi, Alhaji. Nan suke buga ƙwallo da yamma.

Alhaji Garba: To ka ga ni. Ran yaro ɗaya ya fi soro dubu.

Injiniya Bilkisu: Alhaji ya yi gaskiya a kan yaran, kuma wannan ba ya jiran mako biyu. Gobe a kewaye gefen da ya tsage da ƙaya ko igiya, a hana kowa zama a inuwarsa. Amma kafin a yanke wa ginin hukunci, Baban Hanifa, amsa min tambaya ɗaya: an taɓa shafa masa siminti?

Baban Hanifa: An taɓa. Wani bawan Allah ya yi sadaka da shi tun ina sakandare, aka yi filasta daga ƙasa zuwa tsayin ƙirji, ciki da waje, aka kuma zuba kankare a kewayen gindin.

Injiniya Bilkisu: Abin da na yi zato ke nan. Allah ya ba shi ladan niyyarsa, amma daga ranar ciwon ya fara. Bangon ƙasa yana shan danshi da damina, rana da iska su busar da shi. In ka lulluɓe shi da siminti, ruwan da ya taso daga ƙasa ko ya shiga ta wata 'yar kafa ba shi da mafita. Sai ya zauna a ciki, tubali ya jiƙe ya koma taɓo, gara ta samu wurin zama, waje kuwa sumul kamar lafiya lau. Ka je ka ƙwanƙwasa filastar da ɗan dutse. Duk inda ka ji ƙarar ganga, ta rabu da bangon, bayanta rami ne. Kankaren gindin kuma yana mayar da feshin ruwan indararo kan bango. Yawancin ginin ƙasar da na ga ya faɗi, ba tsufa ne ya kayar da shi ba, ruwa ne da aka toshe wa hanya.

Baba Zango: Abin da 'yata Injiniya ta faɗa mun gan shi a nan Gana. Masallacin Larabanga da ke arewa, wanda ake zuwa kallo daga ko'ina, a shekarun 1970 aka yi masa gyara da siminti. Danshi ya taru a ciki, gara ta cinye itatuwan, guguwa ta zo ta kayar da wani sashe. Sai bayan 2002 aka samu taimako daga waje, aka ɓamɓare simintin kakaf, aka mayar da yaɓen ƙasa irin na da. Yana nan tsaye ana salla.

Alhaji Garba: Kalmar da nake jira ke nan, Baba: taimako daga waje. Larabanga na da masu zuwa ɗaukar hoto. Wa zai turo wa ƙauyen Baban Hanifa dala? Hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, ganuwar Kano ma da duniya ta sani ta gagare ta, ana ta yanka filaye a kanta.

Jikan Sarkin Magina: Alhaji, ranka ya daɗe, ka bar ni in sa baki, don wannan sana'ar gidanmu ce ko da yake ni yanzu tayil nake sawa. Masallatan nan ba da dala aka gina su ba, kuma ba da dala aka riƙe su shekaru ɗari ba. Gayya ce ta riƙe su. Da bazara, kafin ruwan farko, mai unguwa zai sa a yi shela. Samari su haƙo birji, a zuba ruwa a tattake da ciyawa, a bar shi ya kwana ya ruɓa. Mata da yara su jido ruwa. Magina su hau soro su share indararo, su cike duk inda ya faso, a bi bango da yaɓe, a gama da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa. Kwana biyu an gama, an ci tuwo an watse. Masu hali kan soronsu laso ake sawa: katsi daga marina, gashin awaki daga majema, da dafara. In laso ya kama, ruwa zamewa yake yi kamar a bayan agwagwa.

Abin da ya faru shi ne, karofi ya mutu, katsi ya yi wuya. An sare ɗorawa. Giginyar da ake tsaga azara ta yi nisa. Mu 'ya'yan magina muka koma bulo don nan abinci yake. Sannan aka gina sabon masallaci, shelar yaɓe ta daina fita. Soro bai san Juma'a ta tashi ba, shi dai ya san an daina hawa kansa.

Baban Hanifa: Wallahi na tuna ranar yaɓen. Mu ne masu miƙa curi.

Jikan Sarkin Magina: To ka ɗaga kai ka dubi rufin in ka shiga. In akwai ɗaurin guga, ka san ba ƙaramin magini ya yi shi ba. Azara ɗaya ba ta da tsawon da za ta haye ɗaki mai faɗi, sai a riƙa fito da ita daga bango hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa da igiya ana rufewa da ƙasa, har ɓangarorin su haɗu a sama kamar bakan gizo. Ba rodi, ba ƙusa. Wannan ilimin ne ya kai Muhammadu Durugu ga sunan Babban Gwani, shi ya gina masallacin Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu a wajajen shekarun 1830. Har kwafinsa aka gina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos don a riƙa gani. Masu iya ɗaurin guga da suka rage a raye, a yankinmu dai, ban ƙirga biyar ba. In an baje naku, ba ƙasa kaɗai aka baje ba, an rage wa yaro wurin da zai tsaya ya ga yadda ake yi.

Alhaji Garba: Kano ma fa an rushe tsohon masallacin ƙasa an gina na yanzu a farkon shekarun 1950, ba wanda ya ce Musulunci ya ragu. Sayyidina Usmanu ya sāke ginin masallacin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da sassaƙaƙƙun duwatsu. Ba bango muke bauta wa ba.

Malam Abbakar: Haka ne Alhaji, ba wanda ya ce ƙasar tana da tsarki na daban. Sāke gini ya halatta. Amma ku lura, Usmanu masallaci ya rushe ya gina masallaci. Abin da kwamitin su Baban Hanifa ke nufi daban ne, shaguna za a yi. A mazhabar Malikiyya da muke kai, filin da aka yi masallaci ya zama hubusi, ya fita daga mallakar wanda ya bayar, bai kuma shiga mallakar kwamiti ba. Ko gini ya faɗi ba a sayar da wurin, ba a mayar da shi kasuwa. Hanbalawa sun sassauta, suka ce in amfaninsa ya yanke gaba ɗaya ana iya musanya shi da wani wuri. Hujjarsu labarin Kufa ne: an fasa baitulmali, Sayyidina Umar ya rubuta wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa ya matsar da masallaci, tsohon wurin kuma ya zama kasuwar masu dabino.

Alhaji Garba: Allah ya gafarta Malam, ai ka ba ni hujja da hannunka. Kasuwar dabino da shago ɗaya ne.

Malam Abbakar: Ban gama ba, Alhaji. Sharaɗinsu shi ne amfani ya yanke. Unguwar ta tashi ne? Baban Hanifa ya ce yara na ƙwallo a gindinsa, ke nan akwai gidaje, akwai tsofaffin da bakin titi ya yi wa nisa da Asuba. Amfaninsa bai yanke ba, mutane ne suka sa kwaɗo. Kuma ka dubi dalilin Umar a wasiƙar: ya ce a sa baitulmali ta wajen alƙiblar masallaci, domin masallaci ba ya rasa mai salla a ciki. Mutanen da ke ciki su ne gadin. Wannan hukunci ba na zauren intanet ba ne, a kai shi ga limamin gari da malamansa, amma ni ban ga ƙofar shaguna ba.

Ɗan Tawa: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina karatu tun ɗazu, bari in ba ku abin da ya faru nan jihar Tawa, garin Dandaji, garin Hausawa ne. Su ma tsohon masallacin Juma'arsu na ƙasa ya lalace, kuma ya yi wa jama'a kaɗan. Wata ɗiyar Nijar mai zanen gine-gine, Mariam Kamara, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo shawara: a gina sabo babba a gefe, tsohon a gyara shi ya zama ɗakin karatu. Aka kira maginan da suka san ginin farko suka shiga aikin. Cikin tsohon aka sa kantocin littattafai da wurin zama, aka yi ɗakunan koyo. Sabon kuma ba da bulon siminti aka yi shi ba, da jar ƙasar wurin ce da aka matse da inji, yana ɗaukar mutum wajen 1,000. An gama a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza. Yaran lakwal, wato makarantar boko, suna zuwa bita, mata suna zuwa koyon karatu, in an kira salla a tsallaka fili a shiga sahu.

Kuma kada ku ɗauka ginin ƙasa abin da ne kawai. Masallacin Yama, nan jiharmu, Alhaji Falke Barmu ya fara shi a 1962 da gayyar mutanen gari, a 1986 ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. Manomi ne magini, ba daga Faransa ya zo ba.

Maman Sadik: Ɗan Tawa, Allah ya biya ka. Tun da aka fara maganar nan nake jira wani ya tuna da mu. Ina koyarwa a Islamiyyar matan aure. Mu 60 da wani abu muke cushewa a zauren wani gida da aka ara mana, rufin kwano, a watan Afrilu ƙarfe biyu na rana sai ka tausaya wa masu goyo. Duk wanda ya taɓa shiga soron ƙasa da azahar ya san bambancin, sanyi kamar randa. A ce ga irin wannan ɗaki a kulle jemagu na kwana, mu muna gasuwa, sannan a ce abin da ya fi shi ne shagon sayar da kati? Na tabbata garin su Baban Hanifa ma akwai irinmu.

Amma ina da tambaya ga Malam. In wurin yana nan a hukuncin masallaci, mace mai haila fa? In rabin ɗalibai za su riƙa fashin mako guda kowane wata, karatun bai yi ba.

Malam Abbakar: Tambaya mai kyau, Malama. Karantarwa a masallaci asali ce, Ahlus Suffa a masallacin Annabi suka zauna, kuma duk karatun zaure da muka gāda rabinsa a masallatai aka yi. Amma a wurinmu mai haila ba ta zama a cikin masallaci, kuma sa kantar littattafai ba ya cire wa wurin hukuncinsa. Shi ya sa ni ba zan ce a kwafi Dandaji ido rufe ba, su da malamansu suka duba nasu. Abin da na fi natsuwa da shi: cikin ginin ya ci gaba da zama masallacin unguwa, a buɗe shi salloli biyar, tsakanin salloli a yi karatu. In akwai fili a gefe wanda tun asali ba a sa shi cikin masallacin ba, a yi rumfa ko ɗaki a nan, mai uzuri ta zauna ba ta rasa darasi ba. Tsofaffin gari sun san iyakar inda aka ɗauka masallaci, a tambaye su tun suna raye.

Baban Hanifa: Akwai fili ta kudu inda ake ɗaure jakuna da dawakin masu zuwa Juma'a daga ƙauyuka. Ba a taɓa salla a nan ba sai in an cika.

Maman Sadik: To ka ga wurinmu.

Ɗan Birnin Damagaram: Ba na son in ɓata muku daɗin magana, amma ni ina bayan Alhaji Garba da rabi. A watan Satumba 2024 tsohon masallacinmu na unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya zube bayan ruwa mai yawa. Mutane sun tsaya suna kallo suna kuka. Ruwan da ake yi yanzu ba irin wanda kakanninmu suka yi gini dominsa ba ne, na wata guda sai ya sauka a dare ɗaya. Ku yi gyaranku, amma kada wani ya ce muku yaɓe kaɗai ya isa.

Injiniya Bilkisu: Allah ya mayar da alheri. Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a kira magini kaɗai ba, ban kuma ce injiniya kaɗai ba. Mu a jami'a kankare da ƙarfe aka fi koya mana, da yawanmu in an kai mu gaban soro abin da muka sani shi ne a rushe. Magini kuma ya san ƙasa amma bai saba lissafin ruwan da ke gangarowa daga sabon titi da kwatocin unguwa ba. A haɗa su biyun. A duba ko tsagar tana ƙaruwa: a manna ɗan yaɓe a kanta a wurare uku, a rubuta rana, a dawo bayan mako. A tona kan azara inda ta shiga bango a ga ko ta ruɓe. A ƙara yawan indararo da tsawonsu, a gyara gangaren ƙasa ruwa ya riƙa gudu daga gindin. Simintin a cire shi kaɗan-kaɗan, gefe-gefe, ba rana ɗaya ba. In an duba aka ga bangon arewa ya rabu da tushensa, a sauke shi a sāke ɗora shi da tubali, wannan ba abin kunya ba ne. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 da kuke gani, asalinta 1515 ne amma an sāke gina ta a 1844. Kuma ba a sa kowa a ciki, ko salla ko karatu, sai an tabbatar.

Alhaji Garba: Duk na ji. Amma ku amsa min wannan, don ni ɗan kasuwa ne. An gyara bana, an yi hotuna an sa a Facebook. Baɗi wa zai hau soron? Shekara biyar fa? Mutanen Jenne a Mali suna fita gari guda kowace shekara su yaɓe masallacinsu kamar ranar salla, itatuwan da suka fito a jikin bangon ma don a taka a hau aka bar su. Ku samarinku suna Abuja suna Legas. Shagon da kuke raina shi ne aƙalla yake kawo kuɗi kowane wata ba tare da an roƙi kowa ba.

Maman Sadik: Alhaji, mace 60 da ke karatu a wuri, kowace tana da miji da 'ya'ya da ƙanne. Ranar da aka ce soron makarantarsu na yoyo, ka ga ko za a rasa mai hawa. Wanda aka kulle ne ba shi da kowa.

Malam Abbakar: Kuma maganar kuɗin ba a yar da ita ba. In filin jakunan nan ya isa, a yi shago biyu ko uku a bakinsa ta waje, a rubuta su wakafi, a sa shaidu, hayarsu ta tafi ga yaɓen shekara da haƙƙin magini kafin komai. Haka aka riƙe manyan masallatai a ƙasashen Musulmi tun da, kasuwa a gefe tana ciyar da masallaci.

Alhaji Garba: Wannan ta fi kama hankali. Amma ina nan a kan bakata: in aka duba aka ce ba zai tsaya ba, ko aka gyara damina biyu ta wuce ba kowa a ciki, a sauke shi kafin ya sauka a kan wani.

Baban Hanifa: Salam jama'a, na dawo da labari bayan kwana biyar. Mun kewaye bangon arewa da ƙaya tun washegari. Na samo wani tsohon magini a ƙauyen da ke gaba da mu, ya haura 70, da kyar 'ya'yansa suka bari ya hau tsani. Indararo huɗu ne a soron, uku a toshe da kashin jemage da ledoji, har wata 'yar bishiya ta tsiro a bakin ɗaya. Filastar kuwa ganga ce kusan ko'ina, kamar yadda Injiniya ta ce. Ya tona kan azara shida, biyu sun ruɓe, huɗu ya ce sun fi shi lafiya. Ɗaurin guga biyu ne a ciki, ya daɗe yana kallonsu bai ce komai ba. Na kai wa Liman maganar hubusi, ya ce shi ma abin na damunsa, kunyar kwamiti ta hana shi magana. Kwamiti bai janye shaguna ba, amma sun yarda a dakata har a kawo injiniya, an kuma ba mu izinin share soro ranar Asabar. Har yanzu ba mu san inda za mu samo azara ba, kuma ba mu da ko sisi.

Ɗan Tawa: Azara akwai ta wajen Gaya ta nan Nijar, can giginya take da yawa. In biyu ce kawai, ka tambayi masu rushe tsofaffin gidaje a garinku, sau da yawa ta tsohon gida ta fi sabuwa ƙwari.

Jikan Sarkin Magina: Ranar Asabar kada ku hau da yawa, mutum biyu marasa nauyi sun isa, su bi ta kan bango, kada su taka tsakiyar soro, kuma su nisanci gefen arewa. Ƙasar da za a cike fason da ita ku jiƙa ta tun ranar Laraba. Ka tura min hoton ɗaurin gugan ta akwatin saƙo, ina so in nuna wa babana.